Wane Fim Ɗin Ban Tsoro Ne Na Ɗaya? Fashin Baƙi Kan Kwanon Da Ake Awo Da Shi

In gardamar fim ɗin da ya fi ban tsoro ta ɓarke a majalisar matasa, ko a Ƙofar Ƙaura cikin Katsina ko a bakin shagon mai tura fina-finai a Daura, da wuya a tashi da matsaya. Wannan ya ce The Conjuring, wancan ya ce ba a taɓa yin kamar The Evil Dead ba, wani mai ɗan shekaru ya tuno Purana Mandir na Indiya da aka riƙa kallo a kaset. Daga nan sai wani ya zaro waya ya nuna jerin da ya samo a intanet, wai ga raba gardama. Ka buɗe irin jerin nan guda biyar, za ka tarar da zakara uku ko huɗu daban-daban. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Gero ɗaya ne, wani ya auna da tiya, wani da gwangwanin madara, kuma ba wanda ya nuna maka kwanonsa.

Tun kafin a kai ga awo ma akwai rigimar iyaka. Jaws na 1975, labarin kifin da ke cinye masu wanka a teku, wasu na sa shi, wasu na cewa fim ɗin farauta ne. The Silence of the Lambs na 1991 ya lashe manyan kyaututtukan Oscar guda biyar, har da na fim ɗin da ya fi kowanne a shekarar, shi ya sa masu son a ɗaukaka darajar wannan fanni suke jawo shi ciki. Hanya mafi sauƙi ta yanke hukunci ita ce a zare tsoron daga fim a ga abin da ya rage. In ka zare shi daga The Silence of the Lambs, labarin binciken 'yan sanda yana nan tsaye da ƙafarsa, don haka baƙo ne a wannan gida. In ka zare shi daga Alien na 1979, ba abin da zai rage sai mutum bakwai a cikin jirgin sama jannati suna ƙorafin albashi. Wannan ɗan gida ne, ko da kuwa a sararin samaniya aka yi shi. Jaws kuma yana zaure, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje.

Kwanukan da jerin waje ke amfani da su

Na farko shi ne bakin masu sharhi, kuma mafi yawan mutane a shafin intanet na Rotten Tomatoes suke ganinsa. Lambar da ke shafin nan ana yi mata mummunar fahimta. Abin da take nufi shi ne kashi nawa cikin ɗari na masu sharhi suka ce fim ɗin ya yi, ba ta faɗin iya kyan da ya yi. A ce mutum goma kowannensu ya ba fim maki shida cikin goma, wato ba yabo ba fallasa, fim ɗin zai iya tashi da 100. Wani fim ɗin kuma mutum bakwai su ce ba su taɓa ganin kamarsa ba, uku su tsane shi, sai ya tashi da 70. Fim ɗin ban tsoro na ƙwarai kuwa dole ya ɓata wa wasu rai, don haka wannan kwano yana fifita mai ladabi a kan mai cizo.

Na biyu ƙuri'ar 'yan kallo ce, irin ta shafin IMDb, inda kowa ke ba da maki daga 1 zuwa 10. A nan wanda tsoro ya hana barci yakan rama da ƙaramin maki, wanda kuma bai ji tsoro ba ya ce an cuce shi. Hereditary na 2018 misali ne mai kyau: kusan kashi 90 cikin ɗari na masu sharhi sun yaba shi, amma da aka tambayi 'yan kallon da suka fito daga sinima a Amurka ranar da ya fita, sakamakon da suka ba shi na wanda ya kusa faɗuwa jarrabawa ne. Sun shiga neman abin da zai sa su zabura, aka ba su zaman makoki na awa biyu.

Na uku kuɗi. It na 2017 ya tara sama da dala miliyan 700, amma wannan na nuna ƙarfin talla da yawan gidajen sinima ne. In za a yi maganar kuɗi da ma'ana, a kwatanta abin da aka zuba da abin da aka kwasa. Paranormal Activity an ɗauke shi a gidan daraktansa, Oren Peli, da kimanin dala 15,000, ya dawo da sama da miliyan 190. The Blair Witch Project na 1999, da 'yan wasa uku da ɗaukar kwana takwas a daji, ya kusa miliyan 250. Ko wannan ɗin ma yana da ramin da ake faɗawa, don kamfanonin da suka sayi fina-finan sun ƙara kuɗin gyara da na talla da ba a cika ambata ba.

Na huɗu shi ne wanda ya fi kama da kimiyya, kuma shi ya fi yaudara. A 2020 wani kamfani a Birtaniya ya ɗaura wa 'yan kallo na'urar auna bugun zuciya, aka nuna musu fina-finai, Sinister na 2012 ya zo na ɗaya. Na'urar ba ta yi kuskure ba, sai dai abin da take kamawa shi ne zabura. Faɗuwar kwano a kicin da tsakar dare ma tana ɗaga bugun zuciya. Abin da ke sa mutum ya kasa fita kewaye shi kaɗai bayan kwana uku, wannan ba ya hawa kan agogon hannu.

Akwai kuma ƙuri'ar mujallar Sight and Sound ta Ingila, wadda ake yi duk shekara goma tun 1952 a kan fina-finai baki ɗaya. A ta 2022, Psycho da The Shining da Get Out sun shiga ɗari na farko. Wannan awon gwaninta ne zalla, ba ruwansa da ko gashin jikinka ya tashi.

Tsoro ba iri ɗaya ba ne

Abin da muke kira tsoro a fim abu uku ne, kuma kowanne da yadda ake ƙera shi.

Razana ita ce mafi arha, dabararta ma a bayyane take. A janye kiɗa, a bar shiru na daƙiƙa goma zuwa ashirin. A ja idon mai kallo zuwa gefe ɗaya na hoto, ƙofa ko madubi. Wani lokaci a sakar masa ta ƙarya tukuna, kyanwa ta diro, ya yi ajiyar zuciya ya saki jiki. Sannan a bugo abin daga ɗaya gefen da ƙara mai ƙarfi. Tsohuwar dabara ce: a Cat People na 1942, mace na tafiya da dare tana jin taku a bayanta, takun ya ɗauke, sai kawai bas ta tsaya a gabanta da hucin birki kamar na damisa. Inda ake ɓata ta shi ne yawaitawa. Bayan ta biyar ko ta shida jiki ya gane salon, da an yi shiru mai kallo ya san me ke tafe. A kallo na biyu kuwa ta mutu murus.

Ƙyanƙyami shi ne jini da ruɓa da yankan nama. Yana aiki nan take, amma shi ne ke saurin tsufa. Hausawa sun ce abin da ya ba ka tsoro wata rana tausayi zai ba ka, kuma duk wanda ya koma ya kalli dodannin roba na 'yan'uwan Ramsay, masu Purana Mandir na 1984 da Veerana na 1988, zai ga gaskiyar maganar.

Fargaba ita ce mai tsada, ita ce kuma ke raba manya da yara. Sai an haɗa mata abu uku: mutanen da mai kallo ya damu da su, abin da ba a gani sosai, da ƙa'ida. Mutumin Daura bai buƙatar a yi masa dogon bayanin wannan, don labarin rijiyar Kusugu a kan haka aka gina shi. Akwai abu a cikin rijiya, ba kullum ake ganinsa ba, kuma ya kafa doka: ba ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Dokar nan ita ke riƙe da labarin. Da zarar baƙo ya iso da dare ya ce a ba shi guga, mai sauraro ya riga ya san an taka layi, tun kafin macijiya ta fito da kai. Haka Dodo yake a tatsuniya, an fi jin muryarsa da sharaɗinsa fiye da siffarsa. A wannan fanni ji ne ke korar gani. Steven Spielberg ma dole ce ta koya masa: kifin ƙarfen da aka ƙera don Jaws ya riƙa lalacewa a ruwan gishiri, sai aka koma nuna durom-durom masu ruwan ɗorawa suna gudu a kan ruwa, da kiɗan John Williams mai sauti biyu kacal. Lalacewar inji ce ta gyara fim ɗin.

Yadda za a yi awon da kyau

Wanda ke son jerinsa ya tsaya a gaban gardama, ya raba maki 100 tun kafin ya kunna fim na farko, kada ya canza a tsakiya don wani fim da yake so ya haye. Rabon da ya fi adalci: fargabar da ke bin mutum bayan an kashe kallo, 30; gwanintar aiki, wato hoto da sauti da wasa da yankan fitowa, 25; tasiri a kan fina-finan da suka biyo baya, 20; jure wa zamani, 15; razana, 10. Ƙyanƙyami ba shi da makin kansa, sai dai ya shiga ƙarƙashin gwaninta in an yi shi da hikima.

Kowane fim kallo biyu yake buƙata. Na farko da dare, mutum ɗaya ko biyu, ba tsayarwa, ba duba saƙo. A gidan kallo ko cikin taron abokai ba a auna fargaba, don da ɗaya ya yi dariyar ɓoye tsoronsa shi ke nan an fasa ƙwan. Kada a rubuta makin fargaba a daren, a bari sai bayan mako guda, a ga ko akwai hoton da ya maƙale. Na biyu da rana, da takarda a hannu: a ƙirga razanarwa nawa ce, a lura da mintin da aka fara nuna abin tsoron ƙarara, sannan a zaɓi fitowa ɗaya a kashe sauti a kalle ta. In ba sauti ta zama wasan yara, to ƙara ce ke ɗauke da fim ɗin.

A nan garuruwanmu abin da ya fi lalata awo shi ne kwafin da ake kallo. Mai turi yakan matse fim ɗin awa biyu ya koma megabait 250 ko 300 don ya shiga memori. Fim ɗin barkwanci zai jure, na ban tsoro ba zai jure ba, saboda in ana matse bidiyo wuraren duhu ne ke fara asarar bayanansu, su koma baƙaƙen murabba'ai. A Hereditary akwai fitowar da mutum ke maƙale a kusurwar rufin ɗaki cikin duhu, ba kiɗa, ba a nuna maka shi da yatsa, idonka ne zai tsinto shi a hankali. A matsattsen kwafi babu shi sam, sai ka ce fim ɗin ba komai. A nemi kwafin da ya kai gigabait ɗaya da rabi. Lasifikar waya kuma ba ta fitar da sauti mai kauri na ƙasa-ƙasa, wanda shi ke sa ƙirji nauyi, don haka a sa iyafis. Fassarar Hausa da ake ɗora murya a kai tana da daɗinta a fim ɗin faɗa da na soyayya, amma mai fassara ba ya son shiru, duk inda ya ga gurbi sai ya cike shi da zance, alhali shirun nan shi ne jarin fim ɗin.

A kuma tabbatar da wane kwafi ake magana. The Shining na da na Amurka mai minti 144 da na Turai mai minti 119. The Exorcist na da na asali na 1973 da wanda aka sake fitarwa a 2000 da ƙarin kimanin minti goma. Sau da yawa masu gardama ba fim ɗaya suka kalla ba.

Sai babbar matsala, wadda jerin Turawa ba sa ma sanin tana nan: tsoro yana tafiya da abin da mutum ya yarda da shi. Mai shan jinin da ke gudun gicciye da tafarnuwa ba ya taɓa zuciyar Bakatsine, don bai taso da jin labarinsa ba. Gidan Amurka da ke tsaye shi kaɗai a jeji, da ɗakin ƙarƙashin ƙasa, baƙon abu ne ga wanda katangarsa ɗaya da maƙwabci, tambayar da zai fara yi ita ce me ya hana matar nan ƙwala ihu a taru. Amma a ce kango, ko gindin tsamiya da magariba, ko yarinyar da ta faɗi ta tashi tana magana da muryar ƙato, nan ba sai an fassara ba. Akwai kuma ɓangaren da ba na wasa ba: fim ɗin mahara da ke fasa gida da dare ba nishaɗi ba ne ga iyalin da suka baro ƙauyukan Batsari ko Jibiya saboda 'yan bindiga. Mai haɗa kallo ya san wanda ke zaune a ɗakin.

Inda awon ya kai

Da wannan rabon maki, The Exorcist na William Friedkin ne ke zama na ɗaya, kuma tazararsa ta fi faɗi a wurinmu fiye da a wurin Bature. Labarin yarinya ce 'yar shekara 12 da aljani ya shiga, uwarta kuma ba mai addini ba ce. Gwanintar tana cikin haƙuri. Fim ɗin yana buɗewa da kiran salla a arewacin Iraƙi, a kufan Hatra inda ake tonon kayan tarihi, sannan ya koma Amurka ya ɗauki lokaci mai tsawo a asibiti. Likitoci na ta gwaje-gwaje, ana soka wa yarinya allura a wuya, kowa na ba da bayanin da bai gamsar ba, har su da kansu suka ce a nemi malamin coci. Duk gidan da aka taɓa yawo da marar lafiya tsakanin asibiti da mai ruƙiyya ya san wannan hanya. Shi kuma malamin da aka samo imaninsa na rawa, yana fama da baƙin cikin rasuwar mahaifiyarsa, aljanin kuma ta nan ya kama shi. Korar aljanin kanta a ƙarshe-ƙarshe take zuwa.

Aikin hannu ne duka. An sanyaya ɗakin ɗaukar da injinan sanyi har numfashin 'yan wasa ya riƙa fita kamar hayaƙi, don ba kwamfutar da za ta zana shi a lokacin. Muryar aljanin ta wata dattijuwar 'yar wasa ce, Mercedes McCambridge, aka ɗora a bakin Linda Blair, wadda ta fito a yarinyar. Max von Sydow, wanda ya fito a malami na biyu, tsohon da aka kira don korar aljanin, bai kai shekara 45 ba, kwalliyar Dick Smith ce ta mai da shi tukuf. Fim ɗin ya shiga takarar Oscar a fanni goma, ya ci biyu, na rubutu da na sauti, kuma shi ne na ban tsoro na farko da ya shiga takarar fim mafi kyau. Gargaɗi ɗaya: akwai ashar da saɓo da batsa masu nauyi a bakin aljanin. Ba na yara ba ne, ba kuma na kallo da surukai ba.

Na biyu Psycho na Alfred Hitchcock, 1960. A makin fargaba ya ɗan ja baya, don an kwaikwaye shi har ya zama sananne ga wanda bai taɓa ganinsa ba, amma a gwaninta da tasiri ya cinye duka. Fitowar kisan banɗaki ita ce darasin: mako guda ana ɗauka, an kafa kyamara sau 78, an yanka hoto sau 52, kuma kusan ba a ganin wuƙa na shiga jiki. Ƙwaƙwalwar mai kallo ce ke ƙarasa sukan. Jinin ruwan cakulan ne, tunda fim ɗin baƙi da fari ne, ƙarar wuƙar kuma wani ɗan itace dangin kankana aka riƙa soka. Kiɗan Bernard Herrmann da kayan tsirkiya zalla aka yi shi, dangin goge. Abin da ya fi girgiza mutanen lokacin shi ne an kashe jarumar da suke bi, Janet Leigh, tun fim bai kai rabi ba, shi ya sa Hitchcock ya hana a bar kowa ya shiga sinima bayan an fara.

Na uku, inda za a yi ta musu, Ringu na Japan, 1998, na Hideo Nakata. Jerin waje kan ajiye shi can ƙasa, wasu ma su sa kwaikwayonsa na Amurka na 2002 a madadinsa. Kusan babu jini a ciki. Ƙa'ida ce kawai: ka kalli wani kaset, waya ta yi ƙara, saura maka kwana bakwai. A ƙarshen zaren kuma akwai rijiya da abin da aka jefa cikinta, abin da zai sa Badaure ya gyara zama. Tafiyar Sadako, fatalwar da ke fitowa daga rijiyar, mai sa tsikar jiki tashi, 'yar wasan da baya ta yi tafiya, aka juya hoton, shi ya sa gaɓoɓinta ke motsi ba irin na mutane ba. Makin da ya ɗaga shi na mafitar labarin ne: ba ka tsira sai ka kwafi kaset ɗin ka ba wani ya kalla. A garin da fim ke yawo daga waya zuwa waya, wannan dabara ta fi ciwo yanzu fiye da zamanin kaset.

The Shining na Stanley Kubrick, 1980, na huɗu. A gwaninta kafaɗa da kafaɗa yake da Psycho: tsoro cikin haske tarwai, kyamara na bin yaro a kan kekensa mai ƙafa uku cikin lungunan otal, tayoyin na ƙara a kan katako, su yi shiru a kan kafet, su sake ƙara. Garrett Brown, wanda ya ƙirƙiro na'urar Steadicam mai hana hoto girgiza, shi ya riƙe kyamarar da kansa. Abin da ya rage masa maki shi ne sanyi: uban yaron tun fitowar farko da alamar taɓin hankali a fuskarsa, don haka ba ka jin zafin lalacewarsa. Stephen King, mai littafin, irin wannan ƙorafi ya daɗe yana yi.

Daga nan tazarar ƙanƙanuwa ce. Halloween na John Carpenter, 1978, an yi shi da kimanin dala 300,000, fuskar makashin kuma abin rufe fuska ne na kanti mai kamannin ɗan wasa William Shatner aka fesa wa farin fenti. Dabararsa ita ce faɗin hoto: jaruma na gaba tana harkarta, shi yana tsaye can gefe a bayan shinge, da rana tsaka. Jarumar, Jamie Lee Curtis, 'yar Janet Leigh ce. The Texas Chain Saw Massacre na 1974 kowa na rantsuwa jini ne male-male, amma a kallo na biyu da takarda za ka ga jinin kaɗan ne, ƙarar injin yankan katako da ihu da zafin rana ne ke yin aikin. Duk da haka hukumar tace fina-finan Birtaniya ba ta amince da shi ba sai 1999. Night of the Living Dead na George Romero, 1968, da dala 114,000, shi ya kafa dokokin gawarwaki masu cin mutane da ake bi har gobe. An manta sa alamar haƙƙin mallaka a jikinsa lokacin da aka canza masa suna, ya zama na kowa, wanda hakan ya jawo wa masu shi asara ya kuma yaɗa shi ko'ina.

Alien da The Thing na 1982 su raba kujera ta takwas. The Thing shi ne shaidar cewa ba a yanke wa fim hukunci a shekararsa: ya fita mako biyu bayan E.T., fim ɗin Spielberg da ya cinye kasuwa, masu sharhi suka yi masa ca, kasuwa ta ƙi shi, yau kuma dodannin da Rob Bottin ya ƙera da hannu yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai sun fi na kwamfuta da yawa tsayawa a ido. Nosferatu na Jamus, 1922, ba zai hana kowa barci ba yanzu, makin tasiri ne ya ba shi ta tara. Daga gare shi aka samo cewa hasken rana na kashe mai shan jini. Saura ƙiris ma a rasa shi, don matar Bram Stoker, marubucin Dracula, ta kai ƙara kan satar labari, kotu ta ce a lalata kwafinsa duka, wasu 'yan kaɗan suka tsira.

Kujera ta goma da waɗanda ba a gayyata ba

Jerin waje kan ba da wannan wuri ga Get Out na Jordan Peele, 2017, wanda aka yi da dala miliyan huɗu da rabi ya kuma ci Oscar na rubutu, ko ga Hereditary. Duka biyun sun cancanta, sai dai ba su daɗe da fitowa ba, makin jure wa zamani bai nuna ba tukuna. Kuma akwai masu neman kujerar daga ƙasashen da tsoronsu ya fi kusa da namu.

Turkiyya na da jerin Dabbe, wanda Hasan Karacadağ ya fara a 2006, da Siccîn na 2014, labarin matar da ta je wurin boka don ta raba ɗan'uwanta da matarsa. Sihiri ne da aljanu da ayoyi, abubuwan da ba sai an yi mana bayani ba, shi ya sa suke kama mai kallo a nan fiye da yawancin na Amurka. Rauninsu a takardar kallo na biyu yake fitowa: ihu da ƙara sun yi yawa, razanarwa kan razanarwa. Munafik na Malesiya, 2016, ya ɗauko malamin ruƙiyya da mutuwar matarsa ta raunana masa zuciya, kusan tagwayen malamin The Exorcist. Indonesiya na da Pengabdi Setan na Joko Anwar, 2017, Indiya kuma Tumbbad na 2018, labarin kwaɗayin zinariya da aka ɗauka damina bayan damina don a samu ruwan sama na gaske. A gida Najeriya, Living in Bondage na 1992, na mutumin da ya ba da matarsa don kuɗin tsafi fatalwarta ta hana shi sakat, ya ci makin tasiri 20 cif, don daga gare shi kasuwar fina-finan bidiyo ta kudu ta tashi. A hoto da sauti ne ya zube.

Wanda ya fi cika sharuɗɗan shi ne Under the Shadow na Babak Anvari, 2016, da harshen Farisanci. Tehran ce lokacin yaƙin Iran da Iraƙi, mijin likita an tura shi fagen daga, mata da 'yarta sun rage a bene, makami mai linzami ya faso rufin bai fashe ba. Maƙwabta na cewa aljanu na tafiya da iska, kuma in suka ɗauki wani abu naka da kake ƙauna ba za su rabu da kai ba. Sai 'yar tsanar yarinyar ta ɓace. Maƙwabtan suna ta kwashe kaya suna barin gidan ɗaya bayan ɗaya, yarinya ta ce ba inda za ta sai an ga 'yar tsanarta, aljanin kuma in ya bayyana sau da yawa mayafi ne ke shawagi, ba fuska. Razanarwarsa ba su da yawa, tsawonsa bai kai awa ɗaya da rabi ba, kuma fitowar da uwar ke jin motsi a ɗakin da ta san ba kowa tana aiki ko an kashe sauti. Shi ma sabo ne, don haka a jure wa zamani maki 8 kawai zai samu cikin 15, daidai da Get Out da Hereditary, amma a fargaba ya ba su tazarar da ta isa ya zauna a ta goma.